Ɗan manomi ya san gona, bai san inda buhun ya tafi ba

'Yata tana aji biyar na firamare a nan Japan, kuma bana aikin da aka ba su shi ne shuka shinkafa a bokiti. Wata biyar tana lallaɓa bokitin nan kamar jariri. Ranar girbi abin da ta samu bai cika tafin hannu biyu ba, amma ta shigo tana ɗoki kamar ta cika rumbu. Na yi dariya har da ƙwalla, don na tuna ɗan ƙanena a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Sa'anta ne, amma tuni yana riƙe shanun huɗa, kuma daga nesa zai gaya maka gonar da wuta-wuta ta shiga.

Sai dai a nan abincin rana darasi ne. Tun 1954 suke da dokar abincin makaranta, a 2005 kuma suka ƙara wata ta koyar da sanin abinci, wadda suke kira shokuiku. Yaran ne ke sa farar riga da hula su raba wa juna abinci a cikin aji, malami ya zauna ya ci tare da su. Duk wata ana aiko mana da takardar abin da za a dafa. Ana gaya musu wane ganye ne daga gonakin yankinsu, ana kuma gaya musu cewa abin da ƙasarsu ke samarwa da kanta bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da take ci ba.

Ba cewa nake a kai bokiti Jigawa ba. Koya wa ɗan Ringim shuka ai ɓarnar alli ce. Abin da ya shige masa duhu yana farawa ne daga ranar da aka ɗora buhu a mota a kasuwar Gujungu. Wa ya yanke farashi? Nawa dillali ya ci? Me ya sa ubansa ke karyar da gero da kaka don biyan bashin taki, sannan tsakiyar damina ya koma yana awon geron nan a kwano da tsada? Zoɓonmu har Meziko ake kai shi. Riɗi kuwa, kusan duk wanda ake ci a Japan shigo da shi ake yi, kuma Najeriya na cikin manyan masu kawo shi. Nakan tsaya a kanti ina juya 'yar ledar riɗi, ina lissafin kuɗinta da naira, har sai matata ta ja ni.

Da aka fara ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare a gida Najeriya a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, gwaggona na cikin masu dafawa. Na taɓa raka ta. Ta sauke kula a gindin darbejiya, yara suka yi layi, minti goma an suɗe kwanuka, aka koma aji ana kwafar ire-iren ƙasar noma da Turanci daga allo. Ita kuwa tun asuba take sarrafa saba'in ɗin nan a ka: shinkafa kaza, wake kaza, manja, itace, kuɗin ɗan acaɓa, da abin da zai canza in ambaliya irin ta 2022 ta cinye fadama. Ba ta taɓa zama a benci ba, amma a ganina babu malamin lissafin da ya kai ta a makarantar. Da za a ba ta rabin awa a gaban allo, a tura yara kasuwa su rubuto farashin kwanon wake da kaka da kuma bazara, ko sisi ba za a kashe ba.

Makon jiya na kira gida, na sa aka ba yaron waya, na tambaye shi ina riɗinsu ke zuwa bayan an sayar. Ya yi jim, ya ce, "Baffa, ai Dawanau ake kai shi." Na ce daga can fa? Ya ce can ɗin ne ƙarshe.