Yayi zai wuce, fatarki fa?

Na ga bidiyon nan da kuke ta turo min tun jiya, kuma a'a, ni bai ba ni dariya ba. Mace ta zauna a tsakar gida da bokitin fenti da muciya, ta matse mayuka kala-kala a ciki, ta tsiyaya wani ruwa daga kwalbar da ko takarda babu a jikinta, tana ta juyawa tana kirari wai haɗin bilicin ne na amare, kwana bakwai ko uwar da ta haife ki sai ta tambayi sunanki. Ku koma ku sake kallon hannunta. Safar roba ce har gwiwar hannu. Ita da ta haɗa abin ba ta yarda ya taɓa fatarta ba, amma ke 'yar uwa za ki tura kuɗinki ki karɓa ki mulke jikinki da shi safe da dare. Madalla. Allah ya ƙara basira.

Ni ba ma ita ce ta fi ɓata min rai ba, 'yar kasuwa ce ta ga inda kuɗi yake. Waɗanda ke ƙasan bidiyon ne. "Hajiya nawa ne na amare", "Hajiya kina aikawa Katsina", sai ga wata wai "akwai na yara?" Na yara fa! Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yarinyar da ko wanka ba ta iya yi wa kanta ba an fara shirya mata ciwon ƙoda.

Ni fa ba na faɗa da gayu, kar wata ta zo ta ce min ustaziya. Ina son kwalliya, ina son in ga budurwa ta sha ɗinki ya zauna, ta kafa ɗauri, ta fito tana ƙamshin turaren wuta. An yi yayin ture-ka-ga-tsiya ya wuce, an yi yayin gyale ɗan firit, aka dawo abaya, aka koma bubu, laffaya ta taso daga Maiduguri ta cika gidajen biki, yanzu kuma ga ɗinkin nan mai matse ciki da ba ya barin mutum ya ci shinkafar biki cikin kwanciyar hankali. Duk wannan yayi ne, in ya wuce ki ninke ki sa a ƙasan akwati ko ki ba ƙanwarki. To fata ba atamfa ba ce, ba ki da wata a akwati. Ranar da yayin fari ya wuce, ko ranar da kuɗin mai ya ƙare, da wace za ki fita?

Kuma ba wai ba a san me ke cikin mayukan nan ba. An sani sarai. Akwai sinadarin haidrokwinon, wanda in aka daɗe ana shafawa sai ya juya ya bar baƙin tabo a kumatu da gefen ido, irin baƙin nan mai kama da ƙuna da hoda ba ta rufe shi, kuma da wuya ya goge. Akwai su clobetasol da betamethasone, waɗannan magani ne na ciwon fata da likita ke rubutawa a shafa na ɗan lokaci a daidai wurin ciwon, mu kuma muka mayar da su man shafawa na kullum daga goshi har tafin ƙafa. Su ne ke sa fata ta yi siriri har ki ga jijiyoyi kore shar a cinya da damtse, nankarwa ta fashe a jikin yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, ƙuraje da ƙyasbi su ƙi jin magani, kuma suna ratsawa cikin jini su taimaka wa hawan jini da ciwon suga. Sai uwa uba sinadarin makuri, wato zaiba, wanda ke cin ƙoda a hankali, yana kuma iya kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ki tambayi duk wata nas da ke aiki a ɗakin haihuwa yadda ake fama da ɗinkin mai bilicin in an yi mata tiyata, fata ta ƙi riƙe zare, ciwo ya ƙi warkewa da wuri.

Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Mun zo na ɗaya a Afirka, a tafa mana. Kodebuwa ta haramta irin mayukan nan a 2015, Ghana ta bi baya, Ruwanda har kasuwa jami'ai suka riƙa shiga suna kwashewa. Mu nan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan bilicin a 2023, amma ki shiga kasuwar Sabon Gari gobe ki ga ko an fasa haɗawa. A 2025 BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida, jikinsu ya ƙone ya yi tabo, kuma dalilinta shi ne kakarsu ta fi nuna so ga jikokinta farare. Kun ji fa. Kaka. Ba saurayi ba, ba miji ba.

Shi ya sa masu zuwa da "ai maza ne ke son fara" ku ɗan dakata min. Na ji, akwai mazan da in sun ga fara hankalinsu ke tashi, Allah ya shirye su. Amma wa ke leƙa fuskar jaririya ranar suna ya duba kunnenta ya ce "kai, wannan baƙa za ta yi"? Wa ke kallon amarya ranar kamu ya taɓe baki ya ce ba a gyara ta ba? Wa ke ce wa yarinya 'yar shekara goma "ke da kin ɗauko hasken babanki da kin huta"? Mu ne. Gwaggo ce, inna ce, ƙawar amarya ce, dangin ango mata ne da ke zuwa ganin ɗaki da ido kamar na masu binciken kwastan. Namijin da kike ƙona jikinki dominsa kuwa, ranar da kumatu suka ƙone, gaɓoɓin yatsu suka yi baƙi ƙirin fuska na wani gari ƙafa na wani gari, shi ne na farko da zai fara kawar da kai.

Masu cewa "jikina ne kuɗina ne" kuma, gaskiyarku, ban da ta cewa. Sai dai in ƙoda ta tsaya ba ke kaɗai ke zaman asibiti ba, wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a sati, kuma gidan gaba ɗaya ne ke sayar da abin da ya mallaka. Masu "nawa oganik ne" ku ma na gaishe ku. Wane ganye ne a duniyar nan ke mayar da baƙa fara cikin sati ɗaya? Da akwai shi da awakin ƙauyenmu duk sun zama farare.

Tsakani da Allah, ina tausayin yaran nan. Yarinya ta taso tun tana firamare ana ce mata baƙa kamar zagi, ta buɗe TikTok kowa fari tas saboda filta, ta je biki mai hoto ya ƙara wa kowa haske har ba ka gane amarya, to me kuke so ta yi tunani? Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce mata wannan baƙin shi ke kare ta daga ranar Kano ta watan Afrilu. Ba wanda ya ce mata ƙyallin da take nema yana cikin barci isasshe da shan ruwa da cin ganye, zogale da rama da kuka da muke rainawa, da man kaɗanya da sabulun salo. Iyayenmu sun yi dilka da halawa da kurkur da lalle, amarya ta fito tana sheƙi da kalarta, ba wadda aka kai asibiti. Yanzu ko dilkar ma sai kin yi da gaske, wasu masu gyaran jikin suna zuba mai a ciki ba su faɗa miki, ki tambaya kafin ki kwanta musu. In kuma kin riga kin yi nisa da shafawa, kar ki yanke rana ɗaya ki zauna a gida kina kuka da ƙuraje, ki nemi likitan fata ya nuna miki yadda za ki janye a hankali, ba abin kunya ba ne.

Tunda ma maganar biki ta kawo mu nan, don Allah amaren bana ku ji tsoron Allah a kan anko. Kala uku biki ɗaya, na kamu daban, na dina daban, na yini daban, ga kuɗin ɗinki ga na mai ɗauri ga na kwalliya, albashin mutum gaba ɗaya ya tafi a auren da ba nasa ba. Telana kuma da ya karɓi leshina tun kafin azumi, na san kana karanta wannan, ka daina kashe waya.