Yadda Na Yi wa Kawu Tabon Sallah da Kyamara

Tun ranar da na rataya kyamara a wuya na ratsa layinmu a Aboabo sunana ya koma Mai Hoto, alhali ko kaza ban taɓa ɗauka ta fito da kai da ƙafa a hoto ɗaya ba. Kyamarar Sony a6000 ce ta hannu, irin kayan da ake shigowa da su daga Turai mutanen Kumasi na ce musu "hom yus". Ƙirar 2014 ce, marar madubi, megafiksel 24, ta zo da ɗan lens ɗinta na gado, 16-50mm, wanda ke noƙewa ciki kamar kunkuru in an kashe ta. Da matar Yaya ta haihu ko shawara ba a yi da ni ba. Ya ce, "Kai ne mai hoton suna. Kuɗin da za a ba wani a ƙara a na rago."

Da na tsaya a kan lens ɗin gadon nan da ba a ji kaina ba. Amma na riga na sha karatu a intanet cewa gwanaye ba sa taɓa shi, kuma ni hoton da nake mafarki shi ne wanda fuska za ta fito tas, bayan mutum ya narke kamar man shanu a miya mai zafi. Maganar da ƙamshin gaskiya. Lambar f da ke jikin lens ita ke faɗin girman ƙofar da haske ke shiga, kuma a juye take: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Lens ɗin gado a 16mm yana buɗewa har f/3.5, in ka ja shi zuwa 50mm sai ya tsuke ya koma f/5.6. Shi kuwa 50mm f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Raɗin suna kuma bayan Asuba ake yi, gari bai gama wayewa ba. Na ce ai hujja ta tsayu.

Saura kwana uku na hau faragiya, wato babur mai ƙafa uku, zuwa Adum. Kyamarar na bar ta a gida, wai kada a fizge ta a cunkoson kasuwar Kejetia. A wani ɗan shago na hango shi cikin gilashi: Sony, 50mm, 1.8. Kuɗinsa bai kai rabin abin da na yi zato ba. Mai shagon ya tambaye ni, "Malam, wace kyamara gare ka?" Na ce Sony, da irin muryar da ke nuna kada a ƙara tambaya. Bai ƙara ba. Na biya na fito ina jin na yi wa wani wayo.

A gida na cire na gadon, na kawo sabon bakin kyamara. Ya ƙi zama. Na juya shi dama, na juya hagu, na yi bisimilla na sake. Kamar mai son rufe buta da marfin tukunya. Sai da na kunna tocilan waya na karanta lambar da ke kan kwalinsa: SAL50F18. Wanda nake buƙata SEL50F18 ne. Harafi ɗaya tak. Harafin A ɗin nan na nufin tsohon baki da Sony ta gada daga Minolta lokacin da ta karɓi harkar kyamarorinta a 2006, na kyamarori masu madubi. E kuma shi ne bakin marasa madubi. Bambancin ya wuce faɗin baki. Kowane lens an ƙera shi ne don ya tsaya a wata tazara daga sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa. A tsohon baki tazarar milimita 44.5 ce, saboda a bar wa madubi wurin da zai riƙa ɗagawa. Da aka cire madubin sai ta dawo milimita 18. Ko da ƙarfi ka cusa shi, hoton ba zai taɓa haɗuwa ba.

Kuma kada mai Canon ko Nikon ya yi mini dariya. Canon na da EF na masu madubi, da EF-M da ya zo a 2012, da RF na 2018, kuma lens ɗin EF-M ba ya hawa kyamarar RF ko da adafta. Nikon na da F da Z. Sunan kamfani a jikin lens bai ce komai ba sai ka ga harafin bakin.

Washegari na koma da kyamarar a cikin leda baƙa. Mai shagon ya saurare ni har na gama, sannan ya ce akwai adafta, LA-EA4. Na tambayi me ke cikinta. Ya ce injin saita hoto da ɗan madubi. Wato in sayi kyamara marar madubi, in sake cire kuɗi in saya mata madubi in manna. Na ce a'a, a musanya kawai. Na yi ciko mai zafi na karɓi na E ɗin. Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na daidaita farin ɗigon lens da na kyamara, na murɗa har ya ce ƙas, na gwada saiti a kusa da nesa. Na haska tocila ta bayansa ina leƙe ta gaba, don damina a Kumasi ba ta barin gilashi lafiya. Funfuna kan tsiro a cikin lens kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe har rufin gilashin take ci. Shi ya sa ake ajiye lens a roba mai rufuwa gam da 'yan ƙunshin silika masu shanye laima, ba a ƙasan akwatin tufafi ba. Nawa dai ya fito fes.

Daren suna na kwana ina wasa da menu, ina ɗaukar fanka da takalmi. Na manta cewa marar madubi ba ta da tagar leƙe ta gilashi zalla. Ko allon baya ka duba ko ka kafa ido a ƙaramar tagar, talabijin ce ke aiki, sensa kuma a kunne take koyaushe. Batirinta, NP-FW50, a lissafin kamfani hoto ɗari uku da 'yan kai yake ɗauka, in ba ka ɓata shi a kallon hotunan takalmi ba. Wajen sha biyu na jona ta da waya a bango, don a cikin kyamarar ake cajin, kuma cikawa na cin wajen awa biyar. Ban san lokacin da aka ɗauke wuta ba. Da Asuba na ga kashi 31. Na ce Allah zai sa albarka.

Tsakar gidanmu irin na zango ne: ɗakuna kewaye, fili bai fi taku bakwai ba, an shimfiɗa tabarmi malamai sun jeru, ga faranti na goro, ga robar koko da pinkaso a gefe. Na ɗaga kyamara don in ɗauki sahun gaba, sai na ga rawanin Liman da kunnen na kusa da shi. Shi ke nan. A nan na gane lissafin da na tsallake. Sensar a6000 ƙarama ce, milimita 23.5 a faɗi, ba 36 ba irin ta manyan kyamarori. Saboda haka kowace lamba ta lens sai ka ninka ta da ɗaya da rabi, 50mm ya zama kamar 75mm. Daga mita uku, faɗin abin da yake gani bai kai mita ɗaya da rabi ba. In kana son sahu mai faɗin mita huɗu, sai ka ja baya mita takwas da rabi. Kuma shi ba ya zum, ƙafarka ce zum ɗinsa.

Sai na fara ja da baya, ido a tagar leƙe. Mutum uku suka shigo. Na ƙara ja, huɗu. Ina cikin murnar na biyar na ji wani abu ya ɗauke ni ta baya. Ragon suna ne, ɗaure a jikin turmi, wanda saura masa minti goma a duniya ya ga ba shi da abin asara. Na tafi gaba da gwiwoyi, hannu biyu sama riƙe da kyamara kamar mai miƙa jariri. Wani dattijo ya ce, "Sannu, Mai Hoto. Sujadar ta godiya ce?"

Na miƙe na ci gaba a f/1.8, tun da don ita na yi ciko. Abin da ban lissafa ba shi ne, in ƙofa ta buɗe haka, wurin da ke fitowa tas siriri ne ƙwarai. A mita biyu da 50mm bai wuce santimita goma sha biyu ba, ko ɗani ɗaya bai cika ba. Ga shi na bar kyamara ta zaɓi inda za ta saita da kanta, ita kuwa abin da ya fi kusa take so. Na samu hotuna goma sha huɗu na farantin goro, kowane goro da jijiyarsa, malaman Aboabo kuma a baya sun narke kamar yadda na roƙa. Waɗanda saitin ya faɗa kan fuska kuma hannuwa sun zama hayaƙi, don shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya faɗa kan sensa, ta yi jinkiri har 1/60 na daƙiƙa. OSS da ke jikin lens rawar hannunka yake gyarawa, ba ya riƙe hannun mai shafa fatiha. Abin da ya dace shi ne a tsayar da shota a 1/160 ko sama, a bar ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, ya hau 1600 ko 3200, a sa ƙaramin akwatin saiti a kan ido. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana iya kallonsa, wanda ya girgiza kuwa sai shara.

Liman ya gyara zama, aka yi tsit, maroƙi ya ja numfashi zai sanar da suna. Allon ya yi baƙi. Na zaro fawa bank da gudu na jona, sai na tarar wannan ƙirar ba ta ɗaukar hoto tana caji, sai a kashe. Ina durƙushe ina fama da waya aka yi guɗa daga cikin gida. Ni da aka ɗauko don in adana ranar, sai da na tambayi wani yaro wane suna aka sa.

Wajen ƙarfe tara batir ya ɗan farfaɗo, rana ta fito, aka ce a yi hoton dangi. Na haƙura na koma wa lens ɗin gado da na rena. A 24mm da f/8, daga mita uku, komai tas yake tun daga mita ɗaya da rabi da 'yan kai har bayan katanga. Matsalar ita ce inda na yi canjin. Watan Janairu ne, hunturu ya sa sama ta yi fari, yara na shara, Gwaggo na tankaɗen gari a gefe. Kyamara mai madubi in ka cire lens, madubi da labulen shota na tsaye gaban sensa. Wannan kuwa tsirara take, tana kallonka. Ƙa'ida ita ce ka kashe kyamara, ka shiga ɗaki, ka riga ka kwance marfin sabon lens, ka kifa bakinta ƙasa, ka gama cikin daƙiƙa biyar. Ni na ɗora ta a cinya baki sama ina laluben marfi a aljihu.

Da na leƙa na ga ɗan ƙura a kan sensa. Na hura da baki. Na manta tun Asuba goro nake ci.

Garin gyaran gira ke nan. Na ga wani ɗan ja-ja ya sauka, na ce ba komai, na rufe. A allon inci uku cikin rana ban ga wani abu ba. Kuma da yake wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, tsoron f/1.8 ya sa na wuce f/8 na tsuke ƙofa har f/16. A buɗaɗɗiyar ƙofa dattin sensa bajewa yake ya ɓace. In ka tsuke ta, haske na zuwa a miƙe, inuwar dattin ta fito da gefenta sarai.

Da dare na buɗe hotunan a kwamfuta. Ɗigo ɗaya baƙi, wuri ɗaya a kowane hoto, sama da tsakiya kaɗan. A hoton dangi ya zama shirwa a sararin sama. A na mai jego ya sauka a kan goggoro. A na Kawu, wanda ya tsaya shi kaɗai da babbar riga da carbi, ya zauna daram a tsakiyar goshi.

Gyaran ya ci mini kwana huɗu. Na fara da gwaji: f/22, na ɗauki farin bango, ɗigon ya fito da 'yan'uwansa bakwai. Na kunna tsabtacewar da ke cikin menu, mai girgiza gilashin gaban sensa, sannan na bi da famfon roba na hura iska, baki a kife. Ƙurar ta tafi, goron ya ce yana nan. Na daɗe ina nemansa a saman sensa ban gan shi ba, ashe lens a kife yake sauke hoto, abin da ka gani a sama yana ƙasa. Sai da na samo sandunan goge sensa daidai faɗin APS-C, wato girman irin sensata, da ruwansu: ɗigo biyu a bakin sanda, shafa ɗaya daga gefe zuwa gefe, a juya ɗaya fuskar a dawo, a jefar. Ba a maimaita sanda, ba a sa audugar kunne, ba a sa gefen riga. A sanda ta uku ya fita. Hotunan kuma na bi su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta ina share ɗigon, har guda tamanin da shida.

Kuskuren da na yi shi ne, tun daren farko na tura wa Yaya 'yan hotuna a WhatsApp don ya ga an yi aiki, shi kuma ya watsa a zauren dangi. Ranar Juma'a na kai wa Kawu nasa, an wanke shi babba, goshi fes. Ya sa tabarau ya duba, ya zaro wayarsa ya duba, ya sake duba takardar.

"Wannan ba shi ba ne."

Na ce, "Kawu, shi ne. Wancan datti ne ya hau kyamara, na goge muku."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara arba'in ina sa goshina a ƙasa, sai yau aka samu na'urar da ta gani, kai kuma ka goge? Mutanen Tamale har waya suka yi mini. Koma ka wanko wancan. Guda biyu, ɗaya na shago."