Alkama ba ta jiran sa hannun ofis

Duk lokacin da kuɗin burodi ya tashi, sai hukumomi su tuna da noman alkama. Suna da dalili. Sama da kashi 90 cikin 100 na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake sayo ta, da dala. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, har masu gurasa a Jakara ta Kano sun ji a jikinsu.

Alkama tana yi a Arewa, wannan ba abin musu ba ne. Tun kafin zuwan burodi ake noma ta a fadamu, ana yin alkaki da finkaso. Ga filayen noman rani na Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga, ga na kwarin Haɗeja, ga na Bakolori. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da irin da ke jure zafi. An ma gwada ƙarfin doka: gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992 ba tare da gonakinmu sun cike giɓin ba.

A ganina babban ciwon shi ne lokaci. Alkama 'yar hunturu ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake so ta shiga ƙasa, domin ta cika ƙwaya kafin zafin Maris. Manomin da iri da taki suka iso masa a Janairu ya riga ya yi asara, ko da kyauta aka ba shi: zafi zai riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta motse. Ƙara da kuɗin man injin ban-ruwa tun bayan cire tallafin fetur a 2023. Wa zai ga laifinsa idan baɗi ya koma shinkafa ko albasa?

Kada kuma a ruɗe mu. Alkama ba za ta maye gurbin gero da dawa da masara a tukunyar talaka ba. Amfaninta shi ne ta sa ƙasa aiki da rani, ta rage dalar da ke fita.

Shirin noman alkama da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a Jigawa a Nuwamban 2023, da tallafin rabin kuɗin kayan noma, abu ne mai kyau. Sai dai ina roƙon a yashe hanyoyin ruwa tun Oktoba, iri ya isa hannun manomi kafin sanyi ya sauka, kamfanonin fulawa kuma su faɗi farashin da za su saya tun kafin shuka.