Abin da labarin Fafaroma bai faɗa ba

Kun ruwaito cewa Fafaroma Leo na 14 ya ɗauko sunansa daga Leo na 13 saboda barazanar ƙirƙirarriyar basira ga ma'aikata, amma ba ku buɗe wasiƙar Rerum Novarum da Leo na 13 ya rubuta kan haƙƙin ma'aikata a 1891 ba. Gundarinta shi ne: ko da ma'aikaci ya sa hannu da kansa, muddin talauci ne ya tilasta masa karɓar ladan da ba zai riƙe shi ba, an zalunce shi. Ta kuma tabbatar masa da 'yancin shiga ƙungiya.

To, ku auna direban manhajar tasi da wannan ma'auni. Man mota nasa, taya nasa, kuɗin bakanike nasa, kamfani kuwa sai ya zare kasonsa a kowace tafiya. Makin da fasinjoji ke ba shi ya faɗi, na'ura ta rufe masa asusu, babu ɗan Adam ɗin da zai kai wa kuka. A takarda ma ba ma'aikaci ba ne, wai abokin hulɗa, shi ya sa babu fansho.

Ita ma wasiƙar Laudato Si' da Fafaroma Francis ya rubuta kan muhalli a 2015 ta ce kukan ƙasa da na talaka tare ake jin su. A tuna matasan Agbogbloshie, jujin tsofaffin kayan lantarki da aka rushe a Akara a 2021, waɗanda suka riƙa ƙona wayoyin lantarki don ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi.