Shayin da Ba Ya Ƙarewa

Ƙaramin jirgin da ya ɗauko mu daga Katmandu, babban birnin ƙasar Nepal, ya sauke mu a garin Lukla da ke tsaunukan Himalaya, inda tsawon titin saukar jirgi mita 527 ne kacal, farkonsa rami mai zurfi, ƙarshensa bangon dutse, kuma a ranar na gane yawan addu'o'in da na haddace tun ina makarantar allo. Daga nan babu mota, sai ƙafa. Lokacin da muka isa Namche Bazar, garin 'yan ƙabilar Sherpa da ke kan tsayin mita 3,440, numfashina ya zama abin da nake lallaɓawa, domin iskar wurin ba ta cika huhu.

Ban tsaya neman nama ba, tun da mutanen yankin mabiya addinin Buddha ne, ba a yanka dabba a can, kuma wanda ake samu 'yan dako ne suke hawo da shi a baya daga ƙasa. Na rungumi shinkafa da miyar wake da suke kira dal bhat, safe da dare.

A wani ƙauye da ke gaba da Tengboche muka sauka gidan wata dattijuwa. Ɗakunan kwana na falanki ne marasa kauri, babu abin ɗumama su, sai murhu ɗaya a ɗakin cin abinci wanda ake hura shi da busasshen kashin yak, wato shanun tsaunin masu dogon gashi. Ina zama ta miƙo mini kofin shayi yana tururi. Na kurɓa da zumuɗin wanda sanyi ya galabaitar, sai na ji gishiri da man shanu, babu ko ƙwayar sukari, kamar an zuba ganyen shayi a romon ganda.

Tarbiyyar gidanmu ba ta yarda baƙo ya raina abin da aka ba shi ba, saboda haka na rufe ido na shanye shi tas don in huta. Kafin kofin ya taɓa tebur, ta sake cika shi. Na sake shanyewa, na shafa cikina na ce, "Iya, alhamdulillahi, na ƙoshi." Ta dubi cikin nawa, ta yi murmushi, ta ɗauko babbar buta. Haka muka yi ta fafatawa, ni ina kare mutuncin gidanmu, ita tana kare na gidansu, yayin da ɗan jagoranmu yake can gefe yana danna wayarsa.

Sakamakon ya bayyana cikin dare. Bayan gidan yana waje, ruwan butar ya daskare, kuma duk fitar da na yi sai falankin ya yi ƙara ya sanar da Bajamushen da ke ɗakin kusa, har ya fara gaishe ni ta bango.

Da safe ne ɗan jagoran ya ga dama ya gaya mini cewa a al'adarsu ba a barin kofin baƙo babu komai, wanda ya ƙoshi sai ya bar nasa a cike. Ina shirin tambayarsa inda wannan ilimin yake jiya, sai ga dattijuwar ta fito rungume da filas. Ya fassara mini cewa ba ta taɓa yin baƙon da ya so shayinta kamar ni ba, don haka ta tashi tun asuba ta haɗa mini na hanya, kuma ta ƙara gishiri.