Nasiha ga mai rubuta manhaja: kwamfuta ba ta da ladan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwa mai rubuta manhaja, kai da ka shekara goma ko ashirin a gaban allo, da kai nake. Sana'arka halal ce, daga cikinta tukunyar gidanka take tafasa, babu mai cewa ka bari. Sai dai sana'a ce da ba ta san rana ba. Manomi rana ke tashinsa daga gona, ɗan kasuwa idan aka watse sai ya kulle rumfa. Kai kuwa allonka, da ƙarfe biyun rana da ƙarfe biyun dare, haskensa ɗaya ne. Kwamfuta ba ta da ladan. Alhali Allah Maɗaukakin Sarki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 103, sallah ta kasance a kan muminai farilla ce mai ƙayyadaddun lokuta.

Yawancin masu wannan aiki ba raina sallah ke sa su makara ba. Mutum yana bin sawun kuskure a cikin kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, ya riƙe abubuwa biyar ko shida a kansa: wane fayil ya kira wane, wace ƙima ta canza, a wane layi. Yana tsoron in ya tashi duk su zube. Sai ya ce bari in ƙarasa wannan, kafin ya ankara liman ya sallame. Maganin abin a takarda yake. Da ka ji kiran sallah, ɗauki minti biyu ka rubuta layi uku: me nake nema, me na gwada bai yi ba, me zan gwada in na dawo. Ka adana aikin a Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjen kod, ko da bai kammala ba, a reshenka na kanka, wato kwafin da kai kaɗai ke aiki a kansa. Shi ke nan, zaren ya ɗauru. Ayyukan da inji ke yi shi kaɗai kuwa, kamar gina manhaja ko tafiyar da gwaje-gwaje masu cin minti goma sha biyar, ka ajiye su sai za ka tashi alwala ka danna, injin na aikinsa kana sahu. Abin da ba a yi shi ne tura sabon aiki kan sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar da jama'a ke amfani da ita, ko taɓa tsarin rumbun bayanai, saura rabin awa a kira sallah. Idan ya karye ba za ka iya tashi ba, kuma ka san haka tun kafin ka danna. Masu sana'ar nan, har waɗanda ba Musulmi ba, sun daɗe suna gargaɗin juna kada a tura aiki ranar Juma'a don gudun lalacewar hutun ƙarshen mako. Kai dalilinka ya fi nasu ƙarfi.

Wanda ke yi wa kamfanin Amurka aiki daga Kano ko Zinder yana da ƙarin lissafi. Daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe tara na safe a New York ƙarfe biyu ne na rana a nan, tara na safe a California kuma biyar na yamma. La'asar da Magariba da Isha'i duk a tsakiyar aikinsu suke faɗawa. Sannan su suna juya agogonsu da awa ɗaya, gaba a watan Maris, baya a Nuwamba, mu ba ma juyawa. Taron da kake shiga ƙarfe biyar, da Nuwamba ta kama sai ya koma shida, daidai lokacin da rana ke faɗuwa a Kano a wannan watan. Kada ka jira ranar. Ka toshe minti ashirin a kalandar aiki a kan kowace sallah, ka gaya wa shugaban ƙungiyarku tun da wuri, ka riƙa gyara lokutan duk wata saboda Magariba tana tafiya. Wanda ya faɗa tun farko an fi saurara masa a kan wanda ke ɓacewa ana tsakiyar magana.

To, sai gem, wato wasan kwamfuta da na waya.

Malamai da dama suna ganin asalin wasa halal ne matuƙar babu caca ko alfasha a ciki, kuma bai hana wajibi ba. Wanda ya yini yana dafa ƙwaƙwalwa yana da haƙƙin ya huta. Amma wasan intanet ba kamar dara ba ne da za ka ce wa abokin wasa dakata in yi sallah. Babu maɓallin tsayarwa, domin mutum tara ko casa'in da tara suna ciki tare da kai. Zagaye ɗaya na Dota 2 ko League of Legends yakan ci rabin awa zuwa minti arba'in da biyar, PUBG wajen rabin awa idan ka daɗe ba a fitar da kai ba. Kuma an gina hukunci ga mai fita. A Counter-Strike, wanda ya bar wasan gasa ana hana shi shiga na rabin awa, in ya sake awa biyu, sannan awa 24, sannan mako guda. Da gangan aka yi haka, kai ma da kai ka rubuta da haka za ka tsara shi. Don haka ba a yanke shawarar sallah a tsakiyar zagaye, lokacin abokai na ihu a kunnenka. Ana yanke ta ne kafin a danna neman wasa. Dubi agogo: idan abin da ya rage kafin kiran sallah bai kai awa ɗaya ba, kada ka shiga layi, domin jiran a haɗa ku da zaɓen jarumai ma suna cin nasu mintocin. Tsakanin Magariba da Isha'i kuwa awa ɗaya ce da 'yan kai, ka cire cin abinci da alwala da tafiya masallaci, ka ga abin da ya saura. Wanda barci ya ɗauke ko ya manta, an ce ya yi sallar idan ya tuna. Wanda ya shiga wasa ido biyu yana kallon agogo, ya tambayi kansa ko wannan sassauci da shi ake.

Akwai kuma akwatunan sa'a da fakitin 'yan wasa da ake saya da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba. Ka biya, ƙila ka samu abu mai daraja, ƙila tarkace. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta bincika irin waɗannan a 2018 ta ce caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Su ba aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta haramta caca, suka karanta ba, yadda abin ke aiki kawai suka duba. Ka kai wa malami amintacce bayanin yadda yake, dalla-dalla, domin fatawa tana bin yadda aka siffanta mas'ala. Kafin nan ka cire katin bankinka daga asusun wasan. Sayayyar da sai ka tashi ka ɗauko kati, sau da yawa ba za a yi ta ba.

Wanda ake biyansa bisa awa kuma ya kula. Agogon aiki na tafiya kana buga gem a ɗaya allon, wannan tauye mudu ne, ko da mai aikin yana wata nahiya ba zai taɓa sani ba.

An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida. Ta ce yana kasancewa cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin sallah ya yi sai ya fita. Bukhari ya ruwaito. Mai aiki daga gida yakan yaudari kansa da cewa ai kullum yana gida. Gangar jiki ce ke gida. Abin sawa a kunne mai toshe hayaniya ba ya bambanta ƙarar janareta da kiran sallah, ko muryar yaro da ke cewa Baba zo ka gani. Maiɗakinka ta yi magana sau uku kana cewa "uhm" ido na kan allo, ran nan sai ka ga ta daina kawo maka labari, kai kuma ka ɗauka zaman lafiya ne. Salmanul Farisi ya gaya wa Abud Darda'i, wanda azumi da tsayuwar dare suka shagaltar da shi daga matarsa, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka yana da haƙƙi, iyalinka suna da haƙƙi, ka ba kowa nasa. Annabi (SAW) ya ce Salman ya yi gaskiya. Wancan fa ibada ce ta shagaltar da shi. Ka fitar da kwamfutar daga ɗakin barci. Ka zaɓi cin abinci ɗaya a rana, waya ba ta zama a kan tabarma. Idan yaro ya shigo kana aiki, juyo da kujerar gaba ɗaya, ka ba shi minti ɗaya na gaske, ko ka ce masa bayan La'asar, kuma bayan La'asar ka cika. 'Yar'uwa mai wannan sana'a, maganar har da ke.

Barci shi ne inda ake yawan ciyo bashi. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma asuba ba ta matsawa don an kwana ana wasa. Abu Barza ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yana ƙin barci kafin Isha'i da hira bayanta. Kofi ko lemon ƙarin kuzari da ka sha ƙarfe biyar na yamma, wajen rabin sinadarinsa yana nan a jininka ƙarfe goma na dare, don haka ka tsayar da shi daga Azahar. Wanda aikinsa ke kai shi sha ɗaya na dare dole ya rama da ƙailula, kada ya ɗora gem a kai.

Yara kuma abin da suka gani suke yi. Kai ne ka fi kowa a unguwa sanin yadda ake saita Family Link ko Screen Time, manhajojin taƙaita wa yara amfani da waya, da yadda ake sa rawuta, na'urar rarraba intanet a gida, ta yanke wa wata na'ura intanet ƙarfe tara na dare, amma sau da yawa gidanka ne ba a saita ba. Ka duba lambar shekaru da ke jikin wasa, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, ka rufe hira da baƙi a wasanni irin su Roblox, ka sa na'urar a falo inda ake wucewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka a 2019, da alamomi uku: kasa sarrafa lokacin wasa, fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, da ci gaba duk da ana ganin ɓarna, yawanci har tsawon wata goma sha biyu. Kafin ka auna ɗanka da su, auna kanka.

Wani abu da ba a cika ambata ba: asusun banki, hotunan iyali, sabar abokan ciniki da sunayen shafukansu duk suna bayan lambobin sirrin da kai kaɗai ka sani, ga lambar tabbatarwa da ke zuwa wayarka kawai. Ibn Umar ya ruwaito cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Ka rubuta babbar lambar da ke buɗe manhajar ajiye lambobin sirrinka, da lambobin ceto na shiga asusu idan waya ta ɓata, a takarda, ka haɗa da jerin wanda kake bi bashi da wanda ke bin ka, da sunan abokin aikin da zai miƙa wa kowane mai amana kayansa. Ka liƙe a ambulan, ka nuna wa mutum ɗaya amintacce inda take, kuma duk ranar da ka canza lambar ka canza takardar.