Shago na biyu ne kan cinye na farko

Da zarar Allah Ya buɗa wa ɗan kasuwa a garin nan, shawarar farko da 'yan'uwa da abokai kan ba shi ita ce ya buɗe reshe, domin a idonmu yawan shaguna shi ne shaidar arziki. Ni kuwa ina ganin kowace sana'a tana da girman da ya dace da ita, kuma abin da ke yanka wannan iyaka ba yawan jari ba ne, a'a, nisan da idon mai dukiya da lissafinsa za su iya kaiwa ne.

Kawuna ya shafe sama da shekara ashirin yana sayar da kayan masarufi a Babbar Kasuwar Sakkwato, shago ɗaya da yara biyu. Bai taɓa riƙe littafi ba, amma ya san adadin buhunan sukarin da ke sito, ya san mai shayin da ya ɗauki katan ɗin madara ranar Talata da wadda za ta biya sai bayan biki. Da ciniki ya yi albarka sai ya buɗe na biyu a unguwar Mabera, ya ɗora ɗan ƙanwarsa, bayan shekara guda kuma ya ƙara na uku a Illela, bakin iyakar Nijar, saboda masu saye daga Ƙonni. Wata rana na ce masa, "Kawu, nawa ne ribar shagon Mabera a wata?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai kaya suna fita." Kaya kam suna fita, sai dai rabinsu bashi ne da yaron ya bayar saboda kunyar manyan unguwa, shi kuma kawu yana jin nauyin titsiye ɗan ƙanwarsa. Ba na cewa an yi masa sata. Abin da ya faru shi ne kan mutum ɗaya, wanda ya wadaci shago ɗaya, an raba shi uku, aka riƙa ɗibar uwar kuɗi daga tsohon shagon ana cike giɓin sababbin. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, zuwa duba shagon Illela kansa ya zama kashe kuɗi, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, masu sayen suka ɗauke ƙafa.

Masanin tattalin arzikin nan ɗan Ingila, Ronald Coase, ya yi bayanin wannan tun 1937. A fahimtarsa, kamfani kan ci gaba da faɗaɗa ne har ya kai matsayin da wahalar tafiyar da ƙarin aiki a cikin gida ta yi daidai da kuɗin sayen aikin a waje, daga nan duk ƙarin girma asara ne. Wannan matsayi kuwa ya bambanta daga sana'a zuwa sana'a. Siminti ba ya yiwuwa da ƙaramin jari, shi ya sa masana'antar Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta a 1962, ta sami ƙarin sashen sarrafa siminti mai fitar da tan miliyan 1.5 a shekara a 2018, domin sai an yi da yawa kuɗin kowane buhu ke sauka. Amma mai kilishi, ko baduku mai aikin fatar jar akuya, ko telan da ake bin layinsa saboda yankansa, abin da ake saye a wurinsu hannunsu ne, kuma hannu ba ya ninkuwa don an ƙara kekuna goma.

Akwai kuma inda ƙarami ke buƙatar amfanin girma ba tare da shi kansa ya girma ba. Manomin albasa a Goronyo ko Wurno yana sayarwa da araha lokacin kaka saboda ba shi da rumbun da zai hana ta ruɓewa. Bai kamata a ce masa ya ninka gonarsa ba. Abin da zai fisshe shi shi ne su haɗu su hamsin su mallaki ma'ajiya ɗaya, su ɗauki hayar tirela ɗaya zuwa Legas ko Fatakwal, kowa kuma yana nan da gonarsa.

Wanda ya ga lalle sana'arsa na iya ɗaukar girma, to ya fara da takarda kafin ya nemi shago. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa kamfani rajista shi kaɗai, Dokar Kuɗi ta 2019 kuma a lokacinta ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai kai naira miliyan 25 a shekara ba, saboda haka tsoron rajista ya ragu. Amfaninta mafi girma a wurina yana fitowa ne ranar rabon gado: mun sha ganin shagon da ya ciyar da gida shekara talatin an sayar da kayansa a mako guda, alhali da a ce akwai rubutu da hannun jari, da kowane magaji ya karɓi rabonsa yadda shari'a ta tsara, ƙofar shagon kuma tana buɗe.

Kawu dai ya rufe Illela, ya bar wa ɗan ƙanwarsa na Mabera a matsayin sallama. Yanzu kullum bayan la'asar 'yarsa da ta gama sakandare kan zauna da littafi mai jan bango, yana faɗa tana rubutawa, wani lokacin har ta yi masa gardama a kan bashin mai shayi.